AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: MARTANI GA MASU ƘONA LITTATTAFAI

Daga wani ɗan uwa a Daudawa

 

'Yan uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya auku a nan garinmu makonni kaɗan da suka wuce, wanda har yau yake ci mini rai. Wani matashi cikin 'yan uwa, wanda ba na shakkar kyawun niyyarsa, ya dawo daga wajen wa'azi da zafinsa, ya faɗa ɗakin ƙanwarsa, ya jawo wata tsohuwar jakar bakko daga ƙarƙashin gado, ya zazzage littattafan da ke ciki a tsakar gida, ya antaya musu kananzir ya ƙyasta ashana. Da la'asar ya zo majalisa yana ba da labari cewa yau ya kawar da munkari da hannunsa. Aka yi ta kabbara. Ni kuwa tambaya ɗaya na yi masa: "Malam, a cikin waɗanda ka ƙona, wanne ka karanta?" Ya ce ko ɗaya. Na ce to me ke cikinsu? Ya ce, "Soyayya mana!"

Da na shiga gidan na tona tokar da sanda, sai ga guntun bangon Wa Zai Auri Jahila?, ga rabin Alhaki Kwikwiyo Ne, ga Magana Jari Ce littafi na biyu, har da wani ɗan Ahalari mai fassara da ya maƙale a tsakani, wuta ba ta tambaye shi ko shi wane ne ba. Littattafan nan na mahaifiyarsu ne tun tana budurwa. Yarinyar kuwa ta daɗe da barin makaranta saboda tsoron 'yan bindiga a hanya, wannan jaka ita ce kaɗai karatun da ya rage mata a duniya. Subhanallah!

To, ni na karanta su. Ba na jin kunyar faɗa. Tun a shekarun 1990 nake saye a kasuwar Funtuwa, wani lokaci in karɓo haya in kwana ina yi da fitilar ƙwai don kada kuɗin hayar ya hau. Na kuma karanta waɗanda muke ɗauka a hammata muna yawo da su don a ce mu 'yan gwagwarmaya ne. Saboda haka ku ba ni aron kunnuwanku in faɗa muku abin da kowanne ya yi mini.

Kafin wani ya yi mini fassarar da ban yi ba, bari in share fage. Akwai ƙazanta a cikin rubutun Hausa, musamman wanda ake turawa ta waya a yau, batsa tsirara wadda ko sunanta bai kamata ya fito daga bakin mumini ba. Wannan ba na kare shi, Allah ya shiryi masu yi ko ya yi mana maganinsu. Amma fa wannan ƙazanta ba a jakar bakko take ba, tana cikin wayar da ke aljihun gaban rigarka, kai da ka ƙyasta ashana. Me ya sa ba a ƙona waya? Don taka ce, kuma da kuɗinka ka saya. Littafi kuwa na ƙanwarka ne, ba ta da ƙarfin hana ka. Wannan ba hani daga mummuna ba ne, fin ƙarfi ne aka sa masa rawani.

Mu fara da Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin wata yarinya ne, Abu, da aka cire daga makaranta, wanda aka yi mata alkawarin aure da shi ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba, uban ya huce haushinsa ya ɗaura mata aure da wani tsoho, Sarkin Noma, ta sha azabar da ta sha, ta gudu birni, ta koma karatu har ta zama mutum. Marubuciyar ba a littafi ta karanto wannan ba, ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, alhali yayanta shi ne Janar Murtala Muhammad. Lokacin da na karanta shi ina saurayi na ji haushinsa, na ce matar nan ta tsani maza, ta kuma ci mutuncin malamai. Sai bayan shekaru, ranar da wani malami ya biya mana Nurul Albab na Shehu Usman Ɗan Fodiyo (RA), jikina ya yi sanyi. A cikinsa Shehu ya yi kaca-kaca da malaman ƙasar Hausa waɗanda suke zaune ɗalibai sun kewaye su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, ba su san hukuncin alwala da salla da azumi ba, sun mai da su kamar kayan amfanin gida da ake jefarwa in sun tsufa. Har ya juya ga matan kansu yana kiransu da kada su saurari masu yaudararsu da sunan biyayyar miji su hana su sanin Allah. Ashe ƙarar da Balaraba ta shigar a 1990, Shehu ya riga ta shigarwa da kusan shekara ɗari biyu, kuma da harshen da ya fi nata kaifi. Bambancin kawai shi ne nasa da Larabci yake, don haka muna sumbatarsa mu ajiye a kan kanta ba tare da ya dame mu ba. Nata kuwa da Hausar da kowa ke ji ne, ya shiga har ɗakin uwargida, don haka ya cancanci wuta. Wai shin wanda 'yarsa ita ce Nana Asma'u, wadda ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, da ya ga wannan toka a tsakar gida, kabbara zai yi?

Alhaki Kwikwiyo Ne kuwa ya sa ni hawaye, ni da gemuna. Rabi, matar Alhaji Abdu, mai 'ya'ya tara, wadda ba ya ba ta abin cefanen kirki, ya je ya auro Delu daga bariki, rikici ya tashi, ya kori uwargida da 'ya'yanta gaba ɗaya. Ta koma dafa abincin sayarwa tana ciyar da su tana biyan kuɗin makaranta, har ranar da gobara ta cinye shagonsa, amaryar ta ga ba romo ta kama gabanta. Ina karantawa ina ƙirga gidajen da na sani a Daudawa da Faskari da Sabuwa waɗanda labarin nan nasu ne, sunaye kawai aka sauya. Babu hukuncin da wannan littafi ya karya. Ciyarwa wajibi ce, adalci tsakanin mata wajibi ne, mai saki ya saki da kyautatawa. Duk mun haddace wannan a Risala. Abin da littafin ya yi shi ne ya nuna mana fuskar matar da aka tauye wa waɗannan haƙƙoƙi, da ƙafafun 'ya'yanta ba takalmi. An fassara shi da Turanci an buga a ƙasar Indiya a 2012, mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba suna karanta halinmu, mu kuma muna ƙona shi don kada mu gani.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya girgiza kasuwa a farkon shekarun 1990, shi ne wanda nake da ja da shi. Zantukan soyayyar sun yi yawa har sun gundure ni, kuma ban ji daɗin yadda Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta Muhammad talaka za a ba ta mai kuɗi ba, domin yarinya mai raunin tunani tana iya ɗaukar wannan a matsayin mafita, alhali halaka ce duniya da lahira. Wannan na faɗa tun a wancan lokacin, ina kuma nan a kan bakana. Amma wa ya tura ta bakin rijiyar? Marubuci ne ya ƙago auren dole? Manzon Allah (S) ya warware auren Khansa'u bint Khidham da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. In da muna aiki da wannan hadisi da Gidan Dabino bai sami abin rubutawa ba.

Yanzu ku zo mu duba littattafan da ba wanda yake zargi, waɗanda gwamnati ta sa a manhaja muka yi jarrabawa a kansu. A 1933 wani Bature, Rupert East, na hukumar fassara da talifi ta Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai da boko. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gandoki ya fara da abin da ke sa tsikar jikin saurayi tashi: jarumi da takobi yana karawa da sojojin Nasara. Sai labarin ya kwashe shi ya kai shi ƙasashen aljanu da maguzawan gabas ya yi ta yaƙi can, kafin ya dawo gida Nasara sun miƙe ƙafa, kuma labarin ya yi sulhu da mulkinsu. Kun ga dabara? An bar maka jarumtar, an sauya mata maƙiyi. Shekara talatin kacal bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ana koya wa jikokin mujahidai cewa abin ya wuce, a rungumi zamani. Magana Jari Ce kuwa, wallahi har gobe ban ga mai Hausar Imam ba, kuma ba na gajiya da labaran akun nan da ya riƙa ɗauke hankalin Musa ɗan sarki don kada ya fita makircin waziri ya rutsa da shi. Amma ka lura, daga farko har ƙarshe duniyar fada ce. Mai hikima shi ne wanda ya iya magana a gaban sarki har aka naɗa shi waziri. Ba a koya maka tambayar ko daga ina sarkin ya samo ikon da yake yanke hukunci da shi.

To shin in ƙona su? Haba! Ai da ban karanta su ba da ban gane yadda 'yan mulkin mallaka suke aiki ba. Su ba su ƙona mana littafi a bainar jama'a ba, sai suka rubuta mana wasu, suka sauya mana harufa daga ajami zuwa boko, suka zaɓa mana abin da za mu yi dariya a kansa. A nan Daudawa suka kafa gonar gwajin irin auduga, suka auna ƙasarmu da ruwan samanmu suka rubuta suka adana, don masaƙunsu na Ingila su ƙoshi. Maƙiyinka yana karanta ka har ƙasar da kake takawa, kai kuma kana alfahari da cewa ba ka karanta komai ba.

Shaihu Umar ne ya fi ba ni mamaki. Ina ɗan makaranta na ɗauke shi littafin barci, ga sanyi, ga yawan haƙuri. Yaro ne aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi aka ƙetara sahara da shi, uwarsa ta bar gida ta bi sawu tana nema har ita ma aka bautar da ita, ba su haɗu ba sai tana gab da cikawa. Na ce wannan tarihi ne, ya wuce. Sai daren 11 ga Disamba 2020, aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora yara fiye da ɗari uku daji a ƙafa. Na ga iyaye mata zaune a ƙofar makaranta kwana da kwanaki, har aka sako yara 344 ranar 17 ga wata. Watanni biyu bayan haka aka maimaita a Kagara, mahaifar Abubakar Imam. Na koma na ɗauko littafin na sake karantawa, ban iya kai ƙarshensa a zama ɗaya ba. Mutumin da ya zama Firayim Minista ya rubuta mana tun 1934 yadda ƙasa take zama idan ɗan Adam ya koma haja, muka haddace don cin jarrabawa muka manta.

Sai kuma namu na hammata. Ina ƙalubalantar duk wanda ya yi kabbara a majalisar nan: waye a cikinku ya karanta Kitabul Farƙ daga farko zuwa ƙarshe? 'Yan warƙoƙi ne, ba su kai tsawon hirar da muke yi a teburin mai shayi ba. A ciki Shehu ya jera alamomin mulkin zalunci da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa da ake kai wa masu iko kafin a saurare ka, tawasa da ake karɓa wajen mahauta, kamuwa da ake yi wa dabbobin talaka, da alƙalan da ke karkata ga wanda ya fi miƙa hannu. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, lokacin muna cikinta, iyayenmu suka yi murna. Yau ga shi a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara mun ga zamanin da ɓarawo zai aiko wa gari cewa sai an tara masa kuɗi kafin a yi shuka, a sake tarawa kafin a girbe. Mun ga mai kaki yana karɓar nasa a shingen hanya. Littafin Shehu yana magana da mu kai tsaye, kamar jiya aka rubuta shi a gindin wata bishiya a Sheme. Amma ba mu buɗe shi ba. Sunan Shehu muke so a bango da jikin tuta, karatunsa ya yi mana nauyi.

Ga kuma wani abu da ya kamata kowane ɗan yankin nan ya sani, domin a ƙofar gidanmu ya faru. In ka bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ka wuce 'Yankara ka shiga ƙasar Tsafe, nan 'Yandoto take, tsohon garin malamai da ɗalibai suke zuwa daga nesa tun kafin jihadi. Malamanta da yawa ba su bi Shehu ba, rundunar Muhammadu Bello ta ci garin. Daga baya Shehu Laminu na Barno, wato al-Kanemi, ya rubuto wasiƙa yana tuhumar mujahidai da abubuwa, ciki har da wulaƙanta littattafai da watsar da su a kan hanya alhali akwai sunan Allah a ciki. Me Bello ya yi? Bai ce littattafan 'yan bidi'a ne sun cancanci haka ba. A cikin Infaƙul Maisur ya kawo tuhumar yadda take, sannan ya ba da labarin wani gari na ƙasar Katsina da suka ci, wanda masu tarihi da dama suke cewa 'Yandoto ne, inda ya ga iska tana kwasar takardu, ya sunkuya da kansa yana tsincewa har ya gaji, ransa ya ɓaci, ya tara jama'a ya yi musu faɗa, ya kuma barrantar da jihadi daga wannan aiki, ya jingina shi ga wawayen cikin runduna masu rububin ganima. Ku duba fa! Littattafan abokan gaba ne, a ranar yaƙi, kuma shugaban runduna ne yake bin su a ƙasa yana tsincewa. Wanda ya ƙona jakar ƙanwarsa sai ya zaɓa a wane sahu yake a ranar nan: sahun mai tsincewa ko na masu watsarwa.

Na san abin da wani zai ce: ai waɗancan littattafan ilimi ne, waɗannan kuwa ƙagaggun labarai ne, ƙarya ce tsagwaronta. To ina tambaya, Ma'alim fiɗ Ɗariƙ fa, wanda ya hana da yawa daga cikinmu barci muna 'yan shekara ashirin? Ni ma ya hana ni. Shi ya fara sa ni tambayar don me aka halicce ni. Amma nawa ne cikinmu suka san cewa Sayyid Ƙuɗub, kafin a rataye shi a 1966, ya yi shekaru yana sharhin adabi a jaridun Misira, yana cikin waɗanda suka fara yaba labaran Najib Mahfuz, kuma shi da kansa ya rubuta littafin soyayya mai suna Ashwak a 1947? Da jakarsa ta faɗo hannun ɗan uwanmu da tuni ta zama toka. Wannan alƙalami da muke jin zafinsa a Fi Zilalil Ƙur'an, a makerar adabi aka wasa shi. Kuma tunda gaskiya muke faɗa, mun ga abin da Ma'alim yake yi wa saurayin da bai karanta komai ba sai shi: ba Nahawu, ba Fiƙihu, ba tarihi, ba labarin da zai sa ya ji zafin wani. Sai ya wayi gari kowa kafiri ne in ban da shi da abokansa biyar. Waɗanda suka yanka ɗalibai a Buni Yadi suka kwashi 'yan mata a Cibok a 2014 ba yawan karatu ne ya kai su ba.

An ma gwada wutar a hukumance. A 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta a gaban manyan baƙi, hukumar tace finafinai ta kuma matsa wa marubuta lamba. Me aka samu? Waɗancan littattafai na kasuwa suna da sunan marubuci a bango, ana iya zuwa a same shi a yi masa nasiha, da yawansu ma da bisimilla suke buɗewa. Irin su Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, maƙwabciyarmu, mai Allura Cikin Ruwa, jaruman labaranta mata ne masu salla masu neman ilimi. Da kasuwar takarda ta mutu rubutun ya koma waya, inda mai rubutu yake ɓuya a bayan sunan ƙarya, ba mai tace shi, ba mai ganin idonsa. An kashe wanda ake iya gyarawa, an bar fili ga wanda ba a iya kamawa.

Saboda haka na koma wajen ɗan uwan nan, ba a majalisa ba, ni da shi. Na ce masa a Shari'ar da yake kishi, wanda ya lalata dukiyar wani sai ya biya, kuma littattafan nan ba nasa ba ne. Ya ce ai ba a samun su yanzu. Na ce ya shiga Funtuwa ranar kasuwa ya bi masu tsofaffin littattafai, in bai samu ba ya yi sallahu Kano, kasuwar Sabon Gari ko bakin Bata. Ahalarin kuwa ko a ƙofar masallacin Juma'a zai samu. Na ara masa Nurul Albab da nawa kofin Wa Zai Auri Jahila?, na ce ya karanta su a jere cikin mako biyu, in ya gama ya zo ya nuna mini shafin da ya cancanci kananzir. Na kuma tambaye shi yaushe rabon da ya zauna ya biya wa ƙanwar tasa ko da babin tsarki ne. Ya sunkuyar da kai, bai ba ni amsa ba. Littattafan dai ya karɓa, mako guda ke nan ya wuce.